Gwarzo da Kabo: Ladan rainon ɗan ƙwallo yana da wa'adi

Titin da ya tashi daga Kabuga a birnin Kano ya miƙe yamma, shi ake kira titin Gwarzo. Yana ratsa Rijiyar Zaki, ya wuce ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin soja na Janguza, ya bi ta Rimin Gado, ya shiga ƙasar Kabo, sannan ya kai garin Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70. Daga nan ma bai tsaya ba sai Dayi a Jihar Katsina. Duk wanda ya bi titin nan da rani bayan sallar La'asar, akwai abin da zai ƙirga har ya gaji, wato filayen ƙwallo. Wasu a harabar makarantun firamare suke, wasu a filin Idi, wasu kuwa gonaki ne da aka girbe dawa, aka tumɓuke tushiya, aka kafa sanduna biyu a gabas biyu a yamma.

A hutun da ya gabata mun yi kwana uku muna zagaya irin waɗannan filaye a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo. Tambayar da muka tafi da ita ɗaya ce: idan yaron da ke murza leda a nan ba ko takalmi a ƙafarsa ya zama ƙwararren ɗan wasa a ƙasar waje, me zai dawo wa ƙungiyar da ta raine shi? Dokar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta ce akwai kuɗi, kuma ba ƙananan kuɗi ba. Sai dai ta ɗaure su da igiya biyu: rajista da wa'adi. Ƙungiyar da ba ta yi wa yaro rajista ba, ba a san da zamanta ba. Wadda ta yi rajista amma ta makara wajen neman haƙƙinta, ita ma ta tashi a tutar babu.

Littafin Koci

Gwarzo ƙasa ce ta manoma da 'yan boko. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum fiye da 180,000, a garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Kara da Mainika da Madadi. Ta yi iyaka da Kabo ta gabas, da Karaye ta kudu, da Shanono ta arewa, da Jihar Katsina ta yamma. Dawa da masara da gero da gyaɗa su ne arzikin ƙasar, kuma kasuwar Getso ta yi suna wajen hatsi da dabbobi. Ta fuskar mulki, yankin ya ba Jihar Kano mataimakan gwamna biyu, Abdullahi Tijjani Gwarzo daga 2007 zuwa 2011, da Aminu Abdussalam Gwarzo da aka rantsar a 2023.

A bayan wata makarantar firamare muka tarar da yara kusan talatin suna atisaye. Ƙwallo biyu gare su, ɗaya ta sha ɗinki a hannun mai gyaran takalmi har ba a gane asalin launinta. Mai horar da su tela ne: da safe yana kan keken ɗinki, da yamma yana rataye da usur. Yaran suna kiransa Koci, mu ma haka muka kira shi.

Da aka tashi ya nuna mana littafin ƙungiya, irin littafin rubutun da kuke zuwa da shi aji. A ciki akwai sunan kowane yaro, da unguwarsu, da laƙabin da ake kiransa da shi a fili, da kuɗin mako da ya biya ko ake binsa. Rubutu ne mai tsafta, babu kure. Abu biyu ne kawai babu: ranar haihuwar yaro, da ranar da ya shigo ƙungiya.

"Koci, ƙungiyar nan tana da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha?" muka tambaya.

Ya yi dariya. "Samari, kuɗin motar da zan je Kano in dawo ai ya saya mana sabuwar ƙwallo."

Ya ce a shekarun da ya yi yana wannan aiki, yaransa da dama sun tafi Kano neman ƙungiyoyin da suka fi tasa ƙarfi. Mafi girman abin da aka taɓa ba shi shi ne saitin jesi da ƙwallo biyu. Bai faɗi haka da ƙorafi ba, don shi a ganinsa taimako yake yi. Amma Bahaushe ya riga ya ba irin wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga ina dokar ta samo asali?

Labarin ya faro ne daga wani ɗan wasan ƙasar Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman. A 1990 kwantiraginsa da kulob ɗin RFC Liège ya ƙare, ya so ya koma Dunkerque ta Faransa, amma cinikin ya rushe saboda a lokacin kulob yana da ikon neman kuɗi ko da kwantiragi ya ƙare. Bosman ya garzaya kotu. A ranar 15 ga Disamban 1995 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya komawa kulob na wata ƙasa a cikin tarayyar ba tare da an biya ko sisi ba.

'Yan wasa sun yi murna, amma ƙananan ƙungiyoyi suka shiga damuwa. Wa zai ɓata shekara shida yana rainon yaro, in dai babban kulob zai zo ya ɗauke shi kyauta? Don a toshe wannan kafa, a 2001 FIFA ta fito da sabuwar dokar cinikin 'yan wasa, wadda ta tanadi kuɗi iri biyu ga masu raino.

Na farko shi ne kuɗin raino. A wurin FIFA, ana rainon ɗan wasa ne tun daga shekara 12, kuma ana biyan ladan rainon da aka yi masa har zuwa shekara 21. Ranar da ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru da kulob na wata ƙasa, kulob ɗin zai biya duk ƙungiyoyin da suka yi masa rajista tun yana 12, kowacce gwargwadon lokacin da ya yi a hannunta. Wannan haƙƙi yana aiki ne har ƙarshen shekarar da ɗan wasa ya cika 23. In ya wuce haka, babu kuɗin raino.

Na biyu shi ne kason haɗin kai. Duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa zuwa wata ƙasa alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu daga shekara 12 zuwa 23. Shi wannan kaso ba ruwansa da tsufan ɗan wasa. Ko yana da shekara 30 aka sayar da shi, ƙungiyar yarintarsa tana da rabo.

Ku lura, duka kuɗin biyu na ƙungiya ne, ba na yaro ko iyayensa ba, ba kuma na koci a ƙashin kansa ba.

Mu buga lissafi

FIFA ta kasa kulob-kulob zuwa aji huɗu gwargwadon abin da suke kashewa wajen rainon matasa. A Turai, an yi wa ajin farko ƙiyasin Yuro 90,000 a shekara, na biyu 60,000, na uku 30,000, na huɗu 10,000. A Afirka babu ajin farko: na biyu Dala 30,000 ne, na uku 10,000, na huɗu 2,000. Abin da ya sa dokar ta yi wa masu raino na Afirka daɗi shi ne, ana lissafi da ajin kulob ɗin da ya ɗauki yaro, ba da ajin wanda ya raine shi ba. Sai dai shekaru huɗu na farko, daga 12 zuwa 15, kullum da farashin aji na huɗu ake lissafa su.

Ga misali. A ce yaro ya yi shekara shida da rajista a wata ƙungiya a Gwarzo, daga 12 zuwa 17. Da ya cika 18, wani kulob mai aji na biyu a Turai ya ba shi kwantiraginsa na farko. Shekara huɗu sau 10,000 ya ba da 40,000. Shekara biyu sau 60,000 ya ba da 120,000. Jimilla Yuro 160,000, wanda a canjin yanzu ya haura Naira miliyan 200.

A ce kuma bayan wasu shekaru an sayar da shi zuwa wata ƙasa a kan Yuro miliyan 10. Kason haɗin kai zai kama 500,000. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana cin kashi 5 cikin 100 na wannan kaso, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana cin kashi 10. Ke nan ƙungiyar Gwarzo tana da kashi 40, wato Yuro 200,000. Ku auna wannan da saitin jesi da ƙwallo biyu.

Kabo: inda agogo ya shigo

Washegari muka juyo gabas zuwa ƙasar Kabo, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da 150,000, a garuruwa irin su Garo da Gude da Durun da Godiya da Kanwa da Masanawa. Inda ruwan madatsar Guzu-Guzu yake kaiwa, da rani ma ƙasa kore take. Yaran da muka gani da yamma a fili, da yawansu tun da asuba suna lambu wajen ban ruwa.

Zancen ƙwallo a Kabo ya ƙara zafi a 'yan shekarun nan. Ƙungiyar Barau FC, wadda Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, ɗan asalin Kabo ya kafa, ta samu gurbin shiga gasar Firimiyar Najeriya a 2025. Ta zama 'yar uwa ga Kano Pillars, Sai Masu Gida, wadda aka kafa a 1990 ta kuma ci kofin gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ga yaron Kabo, tsanin hawa ya matso kusa, don haka maganar takardu ta ƙara zama dole.

Da daddare a gidan kallon ƙwallo, ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci, musu ya kaure kan farashin Victor Osimhen. Kusan kowa ya san Napoli ta saye shi daga Lille a 2020 kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kimanin Yuro miliyan 70. Da muka ce kashi 5 na wannan kuɗi, wato kusan miliyan uku da rabi, rabon ƙungiyoyin da suka raine shi ne, kuma tafiyarsa daga makarantar ƙwallo ta Ultimate Strikers a Legas ta fara, sai wurin ya yi tsit. Wani malamin makaranta da ke kula da wasanni ya juyo ya ce: "To, 'yan samari, in an sayar da yaro ban ji labari ba sai bayan shekara uku fa?"

Amsar ba ta da daɗi. Doka ta ba sabon kulob kwana 30 daga ranar da ya yi wa ɗan wasa rajista ya biya masu raino. In bai biya ba, daga nan agogo zai fara bugawa, kuma kotun ƙwallon FIFA ba ta sauraren duk wata ƙara da abin da ya jawo ta ya wuce shekara biyu da faruwa. Misali, in an yi wa yaro rajista ranar 1 ga Agustan 2021, kwana 30 sun cika a ƙarshen watan, ƙofar ƙara kuma ta rufe a ƙarshen Agustan 2023. Kotun da kanta take duba wa'adin, ko da kulob ɗin da ake ƙara bai ta da maganar ba. Kiran waya da saƙon tuni ba sa tsayar da agogon. Rashin jin labari ma ba uzuri ba ne. In kuɗin ciniki kashi-kashi ake biya, kason haɗin kai na kowane kashi yana da nasa kwana 30 da nasa shekara biyun.

Me ya sa aka sa wa'adi? Domin kulob ya san ranar da zai rufe littafin lissafinsa, kuma don shaida tana lalacewa in an daɗe: takardu su ɓace, shugabanni su canza. Hujja ce mai ma'ana. Amma nauyinta ya fi faɗawa kan mai rauni. Kulob na Turai yana da lauya da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Kocin ƙauye kuwa sai dai ya tsinci labari a Facebook.

Sabon tsari, gajeren wa'adi

FIFA ta lura cewa kuɗin da ke isa hannun masu raino bai kai abin da doka ta tanada ba. Don haka a ranar 16 ga Nuwamban 2022 ta buɗe wani ofishin tace biyan kuɗi a birnin Faris na Faransa, mai suna FIFA Clearing House. A sabon tsarin, da zarar an shigar da ciniki a manhajar cinikin 'yan wasa da ake kira TMS, na'ura za ta haɗa fasfon ɗan wasa na intanet, wanda ke nuna duk ƙungiyar da ya yi rajista a cikinta tun shekarar da ya cika 12. Bayanan daga hukumomin ƙasashe ake ɗauko su, a wurinmu daga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF. Da wannan fasfo ake lissafa rabon kowa. Sabon kulob ya tura kuɗi ofishin Faris, ofishin ya tantance, sannan ya tura wa mai haƙƙi a asusun banki mai ɗauke da sunan ƙungiya.

Sauƙin da aka samu shi ne ba sai ka yi ta bin bashi ba. Amma wani agogon ya shigo, kuma ya fi na da gudu. Bayan an fitar da fasfon wucin gadi, lokacin da ake ba hukumomi da ƙungiyoyi su duba su ce an tsallake mu, da kwanaki ake ƙirga shi, ba da watanni ba. In FIFA ta rufe fasfon ta yanke hukunci, mai ƙorafi yana da kwana 21 kacal ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya, CAS, da ke Lozan a ƙasar Suwizalan, kuma zuwa can ba aikin mai ƙaramin aljihu ba ne. Na'ura kuwa abin da aka zuba mata take gani. Littafin Koci, duk tsaftarsa, ba ya cikinta.

Cinikin da aka yi kafin 16 ga Nuwamban 2022 yana kan tsohon tsari, inda sai ka shigar da ƙara da kanka. In kuka lissafa kwana 30 da shekara biyu, za ku ga cewa zuwa ƙarshen 2024 ƙofa ta rufe a kan waɗannan cinikayya, in ban da kason kuɗin da lokacin biyansu ya zo daga baya.

Darasi daga tafiyar Ahmed Musa

Babu yaron da muka tambaya a Gwarzo ko Kabo da bai san Ahmed Musa ba. An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoban 1992, ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH, sannan ya zo Kano Pillars inda ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya ɗauke shi a 2010, amma sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya samu izinin bugawa, domin dokar FIFA ta hana cinikin yaro zuwa wata ƙasa kafin wannan shekara, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi.

Daga Holan ya koma CSKA Moscow ta Rasha a 2012, sai Leicester City ta Ingila a Yulin 2016 kan kimanin Fam miliyan 16, sai Al-Nassr ta Saudiyya a 2018. Ku ɗauki cinikin Leicester kaɗai. Kashi 5 cikin 100 ya kama kimanin Fam 800,000. Bisa lissafin doka, shekara ɗaya tak da ya yi a hannun wata ƙungiya tsakanin 16 da 23 tana daidai da kimanin Fam 80,000. Lokacin da ya tafi Saudiyya yana da shekara 25, ya wuce shekarun kuɗin raino, amma kason haɗin kai yana nan. Kowane ciniki sabon rabo ne, kuma kowanne da agogonsa. Shi ya sa mai raino ba ya ɗauke ido daga yaronsa har ya rataye takalmi.

Ramukan da ke kan hanya

Ko ƙungiya ta yi rajista, akwai wuraren da ake zamewa. Na farko, takardar yafe haƙƙi. Dillali zai zo ya ce kulob na waje yana son yaro, amma ba zai iya biyan kuɗin raino ba, sai ka sa hannu ka yafe, in ba haka ba ka toshe wa yaro arziki. Wani lokaci gaskiya ne ƙaramin kulob ba zai iya ba. Masu wayo a irin wannan hali ba sa yafewa kyauta: suna neman a rubuta musu kaso daga kuɗin da za a sayar da yaron nan gaba. Wanda ya sa hannu bai karanta ba, ya sayar da gonarsa da amfanin da ke cikinta.

Na biyu, in yaro ya fara zama ƙwararre a cikin gida, dokar NFF ce ke hukunci tsakanin ƙungiyoyin biyu, ba ta FIFA ba. In daga baya ya tafi waje, kuɗin raino na kulob ɗin da ya baro ne kaɗai. Ƙungiyar ƙauye kason haɗin kai ne ya rage mata. Don haka ranar da yaro zai bar Gwarzo zuwa Kano, ranar ce ta rubuta yarjejeniya.

Na uku, ba a biyan kuɗin raino in kulob mai aji na huɗu ne ya ɗauki yaro. Wasu sukan yi dabarar ajiye shi a irin wannan kulob na ɗan lokaci, sannan a miƙa shi inda aka nufa tun farko. Tun 2020 FIFA ta haramta wannan, ta ce in aka yi wa ɗan wasa sauyin kulob biyu a jere cikin mako 16, za a ɗauka dabara ce har sai kulob ɗin sun kawo hujjar wanke kansu.

Na huɗu, shekarun haihuwa. Duk lissafin da muka yi a sama a kan ranar haihuwa ya tsaya. Yaron da aka rage wa shekaru, aka canza masa suna a Kano ko Legas, ya zama wani mutum daban a takarda, kuma wanda ya raine shi ba shi da hanyar nuna cewa nasa ne. Ƙaryar shekaru ta sha jawo mana abin kunya. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 2016 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin na'urar auna ƙashi gab da wasan share fage da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu.

Akwai kuma abin da ya kamata shugabannin ƙungiyoyi su sani: in ƙungiya ta ruguje kafin yaronta ya yi suna, rabonta yana komawa hukumar ƙwallo ta ƙasa, a kashe shi kan rainon matasa. Ƙungiyar da ke canza suna duk shekara, ko take watsewa duk lokacin da aka yi saɓani, da hannunta take zubar da rabonta.

Abin da ɗalibi zai iya yi

Ƙannenmu ɗalibai, wannan magana ta shafe ku kai-tsaye, domin shekarun sakandare, daga 12 zuwa 18, su ne tsakiyar shekarun da ake lissafi a kansu.

Ka mallaki takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka kuma tabbatar ranar da ke cikinta ita ce a lambarka ta NIN da rajistar WAEC da NECO. Suna ɗaya, rana ɗaya, ko'ina.

Ka tambayi kocinka cikin ladabi ko ƙungiyarku tana da rajista da hukumar ƙwallo ta Jihar Kano, kuma ko sunanka ya shiga rajistar NFF, wadda ke ba kowane ɗan wasa lambar shaida ta FIFA. In kuɗin rajista ya fi ƙarfinsa, iyaye da tsofaffin 'yan wasa da masu hali na gari suna iya haɗa hannu. Buga gasar unguwa, ko ma wakiltar yanki a gasa mai daraja irin Kofin Ramat da ake yi a Kano, abin alfahari ne, amma ba ya maye gurbin rajista.

In ba ka iya ƙwallo ba amma kana da rubutu mai kyau, ƙungiyar unguwarku tana buƙatar sakatare. Ka ƙara wa littafin layi biyu, ranar haihuwa da ranar shigowa. Ka adana hoton kowace takarda a waya. In tsohon ɗan ƙungiya ya sa hannu a wani kulob, ka rubuta ranar, a sanar da hukumar jiha a cikin makon, ba sai an ji ƙishin-ƙishin ɗin kuɗi ba. 'Yan mata ma wannan aiki bai fi ƙarfinsu ba, kuma daga irinsa ake samun lauyoyin wasanni da akantoci.

Kada ka bi wanda ya ce zai fitar da kai waje kafin ka cika 18. A 2021 FIFA ta hukunta kulob ɗin Spezia na Italiya da hana shi sayen 'yan wasa saboda shigo da yara 'yan Najeriya ta hanyar da ta saɓa doka. Kada kuma iyayenka ko kocinka su sa hannu a takardar da ba a karanta musu ita da harshen da suke ji ba.

Sannan kada ka bar aji saboda fili. A cikin yara talatin da ke atisaye a kowane fili, wanda zai ci abinci da ƙwallo bai taka kara ya karya ba. Wanda Allah Ya ba shi ma, sai da karatu zai gane abin da ke cikin kwantiraginsa.

Gwarzo da Kabo suna da filaye, suna da yara masu ƙafa, suna da mutanen da ke rufe shago da La'asar don su horar da 'ya'yan wasu ba tare da an biya su ba. Abin da ya rage shi ne takarda, a kan kari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a bana, in ya cika 12, lissafinsa a wurin FIFA ya riga ya fara, kuma kowace shekarar da ta wuce ba rajista, ƙungiyarsa ta rasa ta ke nan.